Tsohuwar da ta kashe sigari a tafinta

A ɗakin binciken masu son daina shan sigari, malamar asibiti tana kallon wata tsohuwa, ita kaɗai ce mace cikin masu jira. Leɓɓanta sun yi baƙi ƙirin, tafukanta sun yi kanta, da gani dutse take fasawa. Tari yana jijjiga ta kamar zai tsaga ƙirjinta.

"Iya, sai haƙuri," in ji jami'in binciken. "Maza muke ɗauka. Ai mata ba su cika sha ba."

Tsohuwar ta kunna sigari, ta murje wutar a tafinta. Ƙaurin fata ya tashi. Malamar ta runtse ido, tsohuwar kuwa ko gezau.

"Ɗan nan, tarin nan aro na yi wurin maza?"