Ranar da Na Cire wa Kamfanin Riɗi Hula

Ni ne na kawo kamfanin riɗi Sabon Birni. Ni kaɗai, da bakin nan nawa. Kamfanin da in aka jera jiragensa na ruwa za ka taka su daga Legas har Jidda ba ka jiƙa ƙafa ba, shi na jawo da harshe har bakin kasuwarmu. Wanda yake wurin a ranar ya yi haƙuri ya bari in gama tukuna.

Abin bai daɗe can ba, amma kamar wata duniya ce. Lokacin mutum kan ɗaura buhu bisa babur daga Tsamaye ya nufo gari ba ya waige-waige. Ranar kasuwa motocin Nijar na shigowa tun hantsi, ƙura da ƙamshin tsire na haɗuwa, ka ji ana ciniki rabi da Hausa rabi da Faransanci. Abu ɗaya ke damunmu, mu manoman riɗi: ba mu da mai saye sai 'yan baranda, masu zuwa da tiyarsu mai ciki kamar ta haɗiye wata tiyar.

Sai labari ya zo cewa wani babban kamfani na duniya zai buɗe wurin sayen riɗi a yankinmu. Guda ɗaya tak: ko Sabon Birni, ko Isa. In ya tafi Isa, mu da 'yan baranda har abada. An ce kuma al'adarsu ce ba su kafa ko turke sai sun zauna da masu ruwa da tsaki, wato manoma da dillalai da masu babur da sarakuna, sun ji ta bakin kowa. Mu dai ba mu taɓa ganin mai saye ya tambaye mu abin da muke so ba.

Sarkin Noma ya ce ni za ni yi magana a madadin manoma. Ba laifinsa ba ne. Ni da aka ce tun ina goye nake ba matan gari labari a bakin rijiya.

Ranar taro aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka kayar da rago. Mota ta sauke mutum biyu: wani Ba'indiye mai furfura, shi ne babba, da jami'insa, dogo, ya sha shadda da hula. Jami'in ya miƙe ya yi sallama da Hausa, ya ce shi zai riƙa fassara wa maigidansa. Kafin ya kai ƙarshen gaisuwa kowa ya gane harshen. Bayarabe ne!

Rumfa ta ɗauki guna-gunin murna. Ga wanda bai sani ba, Bagobiri da Bayarabe abokan wasa ne tun kaka da kakanni. In suka haɗu sai tsiya, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. In ka ga sun gaisa da ladabi, to akwai gaba a tsakani. Na ce a raina, shi ke nan, Allah ya kashe ya ba mu, kamfani ya turo mana ɗan gida. Mutanen Isa sai su ci kansu.

Na tashi, na gyara riga, na doshe shi.

“Kai, wa ya ba ka kujera?” na ce. “Yaushe munka fara zama da ku wuri guda? Sauka ƙasa, iyayen gidanka na tsaye!”

Jama'a suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce, “Alhaji, ban gane ba.”

“Za ka gane. Kakanka bawanmu ne, ya tsere muna da tsagenmu a fuska, yau Allah ya maido ka. Kawo hular!”

Na sa hannu na cire ta, na ɗora bisa tawa. Wani tsoho daga Unguwar Lalle ya ɗaga sanda yana cewa a ɗaure shi a turken jaki sai danginsa sun zo. Masu babur suka hau buga tanki. Ban taɓa ganin an karrama baƙo haka ba.

Abin da ba mu sani ba, mutumin nan a Legas aka haife shi, Hausarsa a wurin aiki ya tsince ta, kuma ko a mafarki bai taɓa jin labarin wasan nan ba. Ba'indiye ya tambaye shi me ake cewa, shi kuma ya fassara masa tsaf, har da turken jaki. Mu muna jiran ya rama, sai muka ga sun miƙe. Direba ya tayar da mota tun ba su rufe ƙofa ba. Suka miƙi hanyar Isa, suka bar mu da rago a wuta, ni kuma da hula biyu a kai.

Ba wanda ya yi mini faɗa, don kowa ya yi dariyar. Sarkin Noma dai ya dube ni ya ce, “To, ka ci ragon, ai kai ka biya shi.”

Akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda ta zo garin tun tana amarya, duk muna ce mata Iya. Ita ce ta taso da zaninta a hannu. “Bagobirin banza,” ta ce, “tashi ka kai ni Isa.” Na goya ta a babur. Tun daga gadar bakin gari har Isa tana dunguri na a ƙeya, ban ce uffan ba, wanda shi ne shirun da ya fi tsawo a rayuwata.

Muka tarar ana taro a natse, mutanen Isa na magana ɗaya bayan ɗaya kamar a gaban alƙali. Iya ta jira aka tashi, ta ja jami'in gefe ta buɗe masa wuta da Yarbanci. Ban ji ko kalma ba, amma na ga yana sunkuyar da kai. Daga baya ta faɗa mini abin da ta ce masa, wai ya ba Yarbawa kunya: Bagobiri ya cire maka hula ka gudu? Ai sai ka cire masa riga. Ni kuma na miƙa hular da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya ya yi wa maigidansa dogon bayani. Ba'indiye ya dube ni sama da ƙasa, ya rubuta wani abu.

Bayan girbi suka dawo. Jami'in na saukowa daga mota ya hango ni, ya ce, “Kai, yaron gidanmu, zo ka ɗauki jakata!” Rumfa ta kusa faɗuwa. A ranar aka yi zaman gaske. Muka ce ba mu son tiya, sikeli muke so wanda kowa zai ga idonsa. Su kuma suka ce mu daina shanya riɗi a ƙasa, yashi na bin sa har ƙasashen waje. Masu babur suka roƙi inuwar jira. Aka kafa wurin saye a gabas da kasuwa.

Shekarun da suka biyo baya su ne nake kewa. Kowace kaka sai sun zo an zauna, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, kuma ba a buɗe taro sai ni da jami'in mun gama zage juna. Har Ba'indiye ya koyi riƙe hularsa in ya gan ni. Yanzu hanya ta lalace da tsoro, ba su zuwa, sai dai waya. Rumfar jira na nan, awaki ke kwana ciki.

A zamanmu na ƙarshe, bayan an ci abinci, na miƙe ƙafa na ce wa jami'in, gaban Sarkin Noma da kowa, “Faɗi gaskiya yau, ɗan bawan Allah. Ba don bakina ba, da wurin ga na Isa.”

Ya goge hannu, ya ce, “Za ni faɗi gaskiya, Alhaji. Isa sun fi ku riɗi, sun fi ku hanya. Maigidana ne ya ce garin da duk aka duba ba a samu mai magana ba sai kai, shi ya fi buƙatar taimako.”