Uban Amarya a Filin Lamvong

Kowa a unguwarmu ta Thakhek ya san Thit Bounyong mai gyaran babur. "Thit" ɗin nan ba sunan yanka ba ne, haka muke kiran wanda ya yi zaman zuhudu a haikali sannan ya ajiye mayafin 'yan zuhudu. Tun yana yaro aka kai shi, bai fito ba sai da ya haura talatin. Ya yi aure, ya samu 'ya ɗaya tal, Vilayphone, amma bai taɓa ɗaga ƙafa da sunan rawa ba. Da matarsa ke raye, in an je biki ita ce a fili, shi yana gefe riƙe da jakarta.

Ni kwaɗon gwanda nake sayarwa daura da rumfarsa, kuma duk la'asar ina cikin tsofaffin da ke rawar lamvong a bakin kogi. Rannan sai ga shi ya tsallako yana goge hannu da tsumma.

"Yaya Thongsy, bikin yarinyar nan fa ya matso."

"Sai yau labari ya iso maka?"

"Ba shi ba ne. In aka kira uban amarya ya buɗe fili da uwar ango, wa zai fita?"

"Ka aika babur ɗinka mana."

Bai yi dariya ba. Ya ce ya so ya fake da ciwon gwiwa, sai Vilayphone ta ce masa, "Baba, ba ni da uwa a wurin. Kada kuma a kira ubana a ji shiru." Nan tausayinsa ya kama ni, na ce gobe ya zo.

Ya zo, riga a goge, maɓalli har wuya, gumi na tsiyaya. A wurinmu mace ce ke zuwa gaban namiji ta haɗa tafuka ta rusuna, shi ma ya haɗa nasa ya amsa, sannan su shiga da'ira. Ɗan zuhudu kuwa ba ya amsa gaisuwa da hannu, albarka yake sa wa mutum. To, Bouakham mai kifi ta nufe shi ta haɗa tafuka. Sai ya ƙame, ya sunkuyar da ido, ya kama jero mata addu'a da muryar haikali. Ita ma shashashar, maimakon ta tashe shi, sai ta durƙusa a kan siminti tana karɓa! Mun yi dariya har da riƙe ciki, mai kula da kiɗa ya kashe lasifika don ba ya iya tsayuwa.

Hali zanen dutse. Na zaci ba zai dawo ba, amma washegari shi ya riga kowa.

Ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Tafiyarsa a da'ira irin ta 'yan zuhudu masu karɓar sadakar shinkafa da safe ce, kai a ƙasa, ba ya kallon kowa. In zanin mace ya matso sai ya yi tsalle baya ya take na bayansa.

"Thit, ba shinkafa za ta zuba maka ba! Ɗago kai!"

"Ina ƙoƙari, Yaya."

"Hannun nan kuma murza shi a hankali, ba ƙusa kake kwancewa ba."

A hankali ƙafa ta saba, yatsun da mai ya baƙanta suka fara lanƙwasa. Gaisuwar ce dai in ya firgita take kuɓuce masa. Bouakham ta ce ita ba ta da asara, albarkar da ta tara ta ishe ta har da jikoki.

Ranar biki aka ɗaura wa ango da amarya farin zare a wuyan hannu, aka ci aka sha, sai aka kira uban amarya. Uwar ango, mace mai ji da kanta cikin zanin siliki, ta tako ta haɗa tafuka. Thit ya ƙame. Idonsa ya yi ƙasa. Bouakham ta damƙe mini hannu har na ji zafi, na hango Vilayphone ta daina murmushi.

Sai hannayensa suka taso, suka haɗu, ya rusuna. Suka shiga fili, ya zaga tsaf, ko sau ɗaya bai take kowa ba. Amma ni da ke kusa na ga leɓensa na motsi tun daga farko har kiɗa ya tsaya.

Da ya fito na tare shi. "Na gan ka! Ashe ba ka daina ba?"

Ya share gumi, ya kalli wajen da 'yarsa ke zaune.

"Hannun na uwar ango ne, Yaya. Addu'ar kuwa ta Vilayphone ce. Uwarta ce ya kamata ta yi mata, to ba ta nan."

Har yau duk la'asar yakan rufe rumfa ya sauko bakin kogi. Jakunkunanmu ma yanzu a kan benci muke ajiyewa, don gwanin riƙon jaka ya shiga fili.