Shekara Bakwai, Nomau Na Nan a Ɗaure

Yau shekara bakwai ke nan da muka raka Malam Ummaru makwancinsa a Maiyama. Ni da na tsaya a aji uku, shi ne idona a boko. Ran kasuwar Jega yakan sayo littattafan wani ɗan sanda mai bincike, Sufeto Tanimu, mu zauna inuwar rumbun albasarsa yana karantawa, ni ina gyara wa marubucin kurakurai kamar ni na koya masa.

Littafi na huɗu ne ya raba masa zuciya biyu. An kashe wani dillali, aka zargi wani manomi, Nomau, wanda ya rantse yana gonarsa ranar. Sufeto ya je ya iske albasar a bushe, ganye ya kwanta, sai ya yanke cewa mai zuwa gona ba zai bar ta da ƙishi ana dab da cira ba. Aka ɗaure Nomau rai da rai.

Malam ya rufe littafin a hankali. "Sa'a, wanga Sufeto bai taɓa noman albasa ba. Wa ka ba ta ruwa ana shirin cira? Sai ta ruɓe cikin rumbu."

Gaskiya ya faɗa, ko jariri a Aliero, garin albasa, ya san haka. Amma bai jefar da littafin ba. Sau uku ya maimaita mini shi, yana yaba yadda aka rubuta kukan matar dillalin, in an zo shari'ar kuma ya yi tsaki. Na tsokane shi cewa Nomau takarda ne, ba ya cin tuwo, sauro ba ya cizonsa. Ya ce zalunci ko a takarda sunansa zalunci. Bai yi dariya ba, ni ma sai na haɗiye tawa.

Bayan rasuwarsa an fitar da na biyar da na shida. Na saye su, na bi su da yatsa damina guda, don in ji ko an gyara. An ƙara wa Sufeto girma, ya yi mota. Nomau ko sunansa ba a ambata ba. Da Malam na nan, na san zai karanta su duka ya ji daɗinsu, sannan ya ƙi cin abincin rana. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin tambaya ya fi shi.

Gonarsa an raba, rumbun ya faɗi. Abin da ya rage mini daga gare shi shi ne ban ƙara yarda da laifin kowa ba sai na tambayi wanda ya san sana'arsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Kai kuma marubuci, in kana raye kana karanta jarida, ka zo Aliero lokacin cira ka ga ƙasa a bushe da idonka. Sannan ka koma ka saki bawan Allahn nan.