Malam Sabo da Karensa a Gyadi-Gyadi

'Yan ajinmu, ku zo ku ji wanda na gani yau!

Ina jiran adaidaita a Gyadi-Gyadi, sai ga wani dattijo makaho, kare na yi masa jagora. Direba ya ce, "Baba, kai ka hau, amma ban da kare."

Dattijon ya ce, "Ba na gadi ba ne, ɗana. Shi ne idona. Asibiti za mu."

Muryar nan! Ashe Malam Sabo ne, malaminmu na lissafi a firamare.

Na ce wa direban, "Shata na ɗauka, bari su hau."

Karen ya kwanta lamo a ƙafafunmu. Malam ya juyo ya ce, "Hadiza mai surutu a bayan aji, ke ce?"

Wallahi sai hawaye.