Keken Kaɗin da Na Kai wa Kakata

Shekarun baya, ina sabon malamin makaranta a Isa, ina jin babu abin da bokona ba zai gyara ba, na ɗaura aniyar raba kakata da wahalar mazari. Duk ranar da na je Unguwar Lalle sai in tarar da ita zaune da auduga a hannun hagu, tana dangwalar alli tana murza mazari. Ta wuni tana yi, zaren bai cika tafin hannu ba.

Na ga hoton keken kaɗi a waya, irin na Indiya da ake juyawa da hannu. Na nuna wa abokina mai walda, muka haɗa namu da tsohuwar ƙafar keke. Na ɗauro shi a babur ina ta hura hanci.

"Uwargida, wahala ta ƙare," na ce mata. "Aikin shekara, da wanga mako guda kin gama."

Ta dubi keken, ta dube ni. "Angona, ka san zaren mi nika yi? Likkahwanina na, yadda uwata tay yi nata. Mako guda kaka son in gama? Ashe ka gaji da ni."

Ita tana dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Keke ya koma bayan rumbu, kaji suka samu wurin hawa.

Bayan damina biyu idonta ya mutu, zare bai isa ba. Masaƙi ɗaya ya rage a Kurawa, shi ma ƙarfinsa ya soma ƙarewa. Ta aika aka kira ni.

"Ɗauko abin nan naka ka ƙarasa min. Ba ni son a naɗe ni cikin yadin kanti."

Ni mai cika bakin mako guda, sai da na cinye hutun makaranta kaf, matan gida suna ta yi mini dariya. Zarena wani wuri kamar igiya, wani wuri kamar gashi. Masaƙin ya yi mita, amma ya saƙa.

Da aka kawo, ta bi shi da yatsu har ta iso wurin da ya yi gudaji. "Ga hannun angona nan." Na roƙe ta a yanke wurin, ta ƙi.

Tun daga nan na koyi tambayar mutum me yake yi kafin in taya shi. Har yau ina kewarta ƙwarai. Ranar da ta rasu, mahaifiyata ta fito daga ɗakin da aka yi wa gawar wanka ta ce mini sun cika wa kakata wasiyyarta: gefen da na kaɗa shi suka rufa mata a fuska.