Lambobin Da Suka Tsage

Har yanzu in na ji warin fenti sai in kau da kai. Wata biyu ke nan da faruwar abin.

Bayan na gama kolej a Damagaram aka turo ni Tanut in riƙe ƙaramin aji, a kan gwaji. Direktan lakwal, wato shugaban makarantar, ya gaya mini tun ranar farko: kuskure ɗaya, ya rubuta takarda a kawo namiji.

Aka kawo wa samarin gari rigunan balo, na wasan ƙwallo, ruwan ɗorawa, irin saƙar nan mai miƙewa kamar danƙo. Ba lamba a bayansu. Direkta ya ce tunda hannuna na da kyau a allo, ni zan sa. Na yanke lambobi a kwali, na samo jan fentin da ake shafa wa ƙofofi, na shimfiɗa rigunan a tabarma.

Gwaggona, wadda nake zaune wurinta, aikin fata take yi. Ta ɗauki riga ɗaya ta ja ta, ta sake.

"Ɗiyata, wannan ai kamar fata ce. Ki ɗaure ta a bayan babbar ƙwarya ta miƙe tukuna. Kuma wannan abin naki ya yi kauri, bisa zai zauna, ba zai shiga zare ba."

"Gwaggo, wannan ba jakar Buzaye ba ce. Aikin lakwal ne."

"To, malama," ta ce, ta koma kan wuƙarta.

A tabarma lambobin sun yi kyau. Ranar wasa da samarin Gangara, ƙattan garinmu suka zura rigunan, bayansu ya buɗe su. Kafin a tafi hutun rabin lokaci fentin ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani, yana zuba. Wani ɗan Gangara ya ce da mai tsaron gidanmu, "Abokina, kirci ne ya kama ka?" Fili ya ɗauki dariya, har da suparefe, babban jami'in gwamnati na yankin.

Direkta ya tare ni a bakin fili.

"Madamazel, wa ya yi wannan?"

Na ji bakina ya ce, "Mushe Direkta, gwaggona ce ta dama fentin."

Washegari ya zo gidanmu da rigunan a buhu. Ina ɗaka, na kasa fitowa. Na ji ya maimaita mata maganata. Ta karɓi buhun.

"Ni ce, Mushe," ta ce. "Tsufa ne. Bar mini su kwana uku."

Da kananzir muka kankare fentin. Ta kife ƙwarya, ta ɗaura riga har ta kai faɗin bayan namiji, ta bi kwalina da baƙin rinin da take sa wa fata, tsararo, sau uku, tana bari ya sha iska. Aka ja, aka murɗa, bai tsage ba. Sai dai jan tabo ya rage a gefen kowace lamba.

Har yanzu ajina yana hannuna. Ita kuwa a kasuwa yanzu ana tsokanarta da mai fenti, tana dariya. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Jiya na kai mata ruwan alwala, na durƙusa, na buɗe baki zan nemi gafara.

"Miƙo mini almakashin can," ta ce.

Na miƙa mata.