Shekarar da Baba Ya Ga Komai a Karkace

Shekarar da na yi aure Baba ya sa aka ta da katangar gidanmu na unguwar Madabo. Maginin abokinsa ne tun na ƙuruciya. Ranar da aka gama yaɓe, Baba ya ƙare mata kallo ya ce, "Malam, ai katangar nan ciki gare ta."

Magini ya ce, "Tun ba ni da gemu nake jera tubali, ban taɓa yi wa katanga ciki ba."

Baba ya kafe. Aka rushe tsakiyar aka sake. Ya duba ya ce yanzu cikin ya koma hagu. Magini ya kwashe kayansa, suka daina gaisawa.

Daga nan ƙofar zaure ma ta karkace, azarar soro ta lanƙwashe. A masallaci kuwa Baba ya ɗora wa kansa gyaran sahu, ya ja wannan gaba, ya tura wancan baya, har sahun da ke miƙe ya koma tafiyar maciji. Liman ne ya ja ni gefe ya ce, "Ka kai mahaifinka a duba idonsa, kafin ya gyara mana alƙibla."

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibitin ido a Waje, can bayan ganuwa. Likita ya leƙa idon da 'yar fitila, sannan ya miƙe zare a gabansa, ya sa ya rufe idon dama. Baba ya daɗe yana kallo.

"Yanzu ya miƙe," ya ce a hankali.

Likitan ba ya jin Hausa, sai tafinta ya yi mana bayani cewa a can ƙuryar ido akwai wani tantani da hoton abu ke sauka a kai. Na Baba na dama ya kumbura a tsakiya, kuma ba su da maganinsa. Da muka shigo gari Baba ya sayi goro mai kyau, ya ce mu biya ta gidan magini. Ni aka bari a waje, amma na jiyo dariyarsu.

Tun daga ranar, in zai duba abu sai ya kanne ido ɗaya. Wata rana ya tsuguna gaban wata tsohuwa mai daddawa a kasuwa, ya kanne ido yana zaɓe. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, in da gaske kake, ka turo magabatanka."

Baba ya bar daddawar a nan ya dawo gida yana haki. Miyar ranar lami muka sha ta.